Kwana Tara Ina Suyar Daddawa a Saint-Fons

Babana ya sayi gida bai taɓa ganinsa ba. Mutumin da in zai sayi yadi biyar na shadda sai ya murza, ya ɗaga ga haske, ya shinshina, sannan ya ce a kawo wata, shi ne ya sayi gida sukutum saboda wani aboka, lauya ke nan, ya nuna masa 'yar sanarwa a jarida wadda ba ta kai tafin hannu ba.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Muna zaune a unguwar Barbès a Paris, mu shida cikin ɗaki biyu, jirgin metro yana wucewa ta saitin tagarmu har kwanoni su yi ta rawa a kan kanta. Shekarata ɗaya da barin lise, wato sakandare, ina ninke atamfa a kantin Baba daga safe zuwa magariba. Na fi kowa Faransanci a gidan, don haka duk takardar da ta zo ni ake miƙa wa, amma da an zo shawara sai a ce in je in duba tukunya.

Gidan yana Saint-Fons, gefen Lyon. Masu shi sun daina biyan haraji, lanho kamar yadda Baba ke cewa, gwamnati ta kama ta sa shi gwanjo a kotu. Baba ya tafi da ni don in zama kunnensa. Gwanjon nan kuwa ya ba shi wahala, domin ba ka da bakin magana, aboka ne ke ɗaga maka hannu. Ba "albarka", ba "rage mini", ba tashi ka yi kamar za ka tafi a kira ka. Ɗan kyandir siriri ake kunnawa, in ya mutu a kunna wani, in sun ƙare ba wanda ya ƙara, kaya sun zama naka. Da kyandir na ƙarshe ya kama, na waiwaya na ga Baba, daga layi na huɗu, ya turo baki yana hura iska a hankali.

"Baba, ana ganinka."

"Ke, numfashi nake."

Kyandir ya mutu. Na ce mu je mu ga gidan tunda muna kusa, ya ce gida ba ya gudu, amma jirgin ƙasa yana gudu. A cikin jirgin ne, ya gama cin goronsa, ya faɗi maganar da ta hana ni zaman lafiya wata biyu.

"Akwai kanti a ƙasa, akwai ɗaki a sama. Kayana na Holan za su iso ƙarshen Janairu. In kin karɓo makulli kafin nan, ke za ki riƙe kantin, ɗakin ma naki ne. In ba haka ba, ɗan yayana da matarsa su je."

Ɗan yayan nan nasa, wanda har ya mutu ba zai daina ce mini "ke yarinya" ba. Na ce a raina ko da haƙora zan ciro makullin nan.

Da muka isa gida Inna ta ji, ta ajiye muciya. "Budurwa ita kaɗai a gida, a garin da ba uwa ba uba?"

Baba ya ce, "A bari makulli ya zo tukuna."

Na ji su da kunnena, amma kunnen ya riga ya tsaya a kan "naki ne".

Takardu suka fito a Disamba. Muka koma Lyon, muka sauka gidan Goggo, ƙanwar Baba, wadda mijinta ke aiki a luzin, ɗaya daga masana'antun nan na magunguna da suka yi jere a bakin kogi. Gidanta ɗaki biyu ne, 'ya'ya bakwai. Tun a bakin ƙofa ta rungume ni ta ce, "Maraba da 'yata, sati biyu ko uku, bayan nan sai dai ki kwana tsaye."

Washegari muka je wurin wisiye, ma'aikacin kotu mai buɗe ƙofofi da fitar da mutane. Ya duba takardunmu, ya ce komai daidai, gida namu ne. Sai dai akwai mutum a ciki. Tsohuwa ce, matar marigayin mai gidan. Kuma doka ta hana a fitar da kowa daga makwancinsa lokacin sanyi, sai tsakiyar Maris.

Na ce, "Maris? Wane Maris?"

Ya ce wanda ke zuwa bayan Fabrairu. Ya miƙo mana makullin ƙofar baya, ya ce tsakar gida da ɗan ɗakin ajiya da ke ciki muna iya amfani da su, tunda ba nan take kwana ba.

Baba ya shirya kamar zai je gaisuwar surukai. Babbar riga a ƙarƙashin kwat, ƙullin goro, turmin atamfa, kwalbar turare. Na ce masa korar mutum za mu ko neman aure? Ya ce in rufe masa baki.

Tsohuwar ta buɗe mana da kanta. 'Yar ƙarama ce kamar tsintsiyar da ta sha shara, gashi fari fat, takalman ulu, tabarau a ƙarshen hanci. Gwiwoyinta sun daina hawa matakala, don haka ta sauko da gadonta cikin kantin, ta kafa shi bayan kanta, daidai inda ni na riga na jera shadda a cikin kaina. Mijinta mai gyaran takalma ne, ɗakin da ke bayan kantin cike yake da kayan aikinsa, ba ta taɓa ko ƙusa ba tun rasuwarsa. Takardun lanho kuwa, ta ce da su take hura murhu, suna kamawa da kyau.

Baba ya fara. Ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya ƙafa, yaya haƙurin rashi, ina labarin dangi. Ina fassarawa ina cizon leɓe. Ita kuma tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ta ga abin ya yi mata daɗi, har ta fara ƙara bayani kan gwiwar hagu.

"Baba, in gaya mata abin da ya kawo mu?"

"Yanzu fa muka zauna."

Ta kawo kafe. Ya sha. Ta ƙara. Ya sha. Ya miƙa atamfa da turare da goro, ta karɓa tana jujjuya goron kamar ƙwan wani tsuntsu da ba ta sani ba. Daga nan ta ce tunda Baba ne sabon mai gida, to famfon kicin yana ɗiga tun bara. Wallahi ina tsaye Baba ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannu, ya durƙusa ƙarƙashin famfo. Muka fito bayan awa biyu, ba a ambaci makulli ko sau ɗaya ba.

A titi na ce, "Baba, me muka je yi?"

"Mun je gaisuwa. Ba a shan ruwan mutum a ce masa tashi a rana ɗaya."

"To a rana ta nawa ake cewa?"

Ya wuce gaba abinsa. Da muka isa gida ya juya ga Goggo ya ce kafin kowa namu ya kwana a gidan nan sai an yi sadaka, a dafa a raba wa maƙwabta kamar yadda ake yi a Damagaram in an samu sabon gida. Ya hau jirgi ya koma Paris, ya bar ni.

Kalmar sadakar nan ce ta ba ni dabara. A Barbès muna da wani maƙwabci Bafaranshe, tsohon mai raba wasiƙu, wanda duk ranar da Inna ta jefa daddawa a mai sai ya dinga buga mana bango da tsintsiya. Shekara biyu ya jure, sannan ya tattara ya koma ƙauyensu. Ƙato ne, mai gashin baki. Na ce in daddawar Inna ta tayar da wannan, ina ga 'yar tsohuwar da iska ma ke iya ɗauka? Doka ta hana a fitar da ita, amma ba ta hana ta fita da ƙafarta ba. Kuma tagar kantin ta baya tana kallon tsakar gida, inda wisiye da bakinsa ya ce namu ne.

Na aika Paris aka kawo mini daddawar Inna ta ainihi, wadda ake naɗewa a leda uku a saka a gwangwani a rufe, kuma duk da haka direban motar ya tambayi abin da ya mutu a ciki. Na samo bandar kifi, na samo man shanun da ya kwana biyu, na je wurin mahauci Balarabe na kwaso kawunan raguna da ƙafafu don babbaka. Na ari risho biyu da murhun gawayi.

Goggo ta tsaya tana kallon kayan, hannu a ƙugu. "Wannan sadaka ce ko yaƙi?"

"Sadaka ce, Goggo."

"To, Allah ya karɓa."

Na kawo shawarar mu zuba busasshen barkono a garwashi, ta ce a'a, wannan ba girki ba ne, kisan kai ne, kuma ita ba za ta je kurkuku ta bar 'ya'ya bakwai ba.

Ranar farko muka kafa murhu daidai ƙarƙashin tagar. Sai kun san Saint-Fons za ku gane girman aikin da na yi. Garin da kansa wari yake. Hayaƙin luzin yana sauka da safe, wani lokaci kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci kamar asibiti, mutanen garin kuma sun saba har ba sa ɗaga kai. A wannan garin ne, ina jefa daddawa cikin man shanu, mutumin da ke tsallaken lungu ya leƙo, ya yamutsa fuska, ya ja tagoginsa biyu ya rufe. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Tsohuwar kuwa ta buɗe tata tagar, a cikin sanyin nan, ta jawo kujera, ta zauna tana saƙa.

Na ce dauriya ce, ta rana ɗaya ce. Na ƙara gawayi, na ɗora kan rago, gashi ya fara ƙonewa, na sa murfin tukunya ina kaɗa hayaƙin wajenta. Ta ɗago ta gyaɗa mini kai kamar mun haɗu a hanya.

Da tuwo ya nuna Goggo ta zuba kwano na farko, ta malala miyar kuka, ta miƙo mini. "Kai mata."

"Ita?"

"Maƙwabcin da ya fi kusa shi ke cin farko. Ko a lise an soke wannan?"

Na karɓa, na faki idonta na ƙara cokali biyu na daddawa da yaji mai yawa a kai, na kai. Bayan awa ɗaya kwanon ya dawo ta taga, a wanke tas, da tuffa uku a ciki. Goggo ta ɗaga kwanon tana jinjina kai. "Kin gani? Ba ta mayar da shi wofi ba. Matar nan 'yar mutunci ce, wa ya koya mata?"

Sadaka rana ɗaya ake yi. Na ce wa Goggo ai maƙwabtan da yawa, ba mu kai ga na ƙarshen layi ba. Ta dube ni, ta ce haka ne, sadaka ba ta yawa. Muka dawo rana ta biyu. Da ta uku. Mai raba wasiƙu ya fara tsallaka titi in ya zo saitinmu. Kyanwar da ke kwana a kan katanga ta canza unguwa. Ni kaina gashina da kwat ɗina suka ɗauka, in na shiga bas sai in ga kujeru huɗu sun zama nawa. 'Ya'yan Goggo suka ce ba za su ƙara kwana kusa da ni ba.

Kwano kuma yana zuwa yana dawowa. Yau da ƙwai biyu, gobe da yankan kek, jibi da safar ulu ɗaya, kashegari da 'yar'uwarta. Daga rana ta huɗu Goggo ta ce ita za ta riƙa karɓo kwanon. Sai ta shiga ta yi rabin awa, ina waje ina fifita gawayi, ina jin dariyarsu. Faransancin Goggo na kasuwa ne, rabi baki rabi hannu, ban ɗauka za su iya wata magana mai tsawo ba.

A rana ta tara daddawa ta kusa ƙarewa, Janairu ya raba tsakiya, hannuwana sun tsage da sanyi. Na ɗauki kwanon da kaina, na shiga ba sallama, na dangwarar da shi a kan kanta.

"Madam, ba kya jin komai?"

Ta ajiye saƙa. "Kamar me, 'yar ƙarama?" Haka take kirana tun ranar farko.

"Wari! Kwana tara! Unguwa duk ta rufe taga!"

Ta cire tabarau ta goge, ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa hancinta sau biyu kamar mai gwada kankana. "Wannan? Ado ne kawai. Shekara talatin na yi a luzin ina cika kwalabe. Ya mutu tun kafin a haife ki. Ko gidan nan zai kama wuta sai na ga hayaƙi."

Ta mayar da tabarau ta ci gaba.

"Tun ranar farko maƙwabcin can ya zo ya gaya mini abin da kike yi. Ya ce in kira 'yan sanda. Na ce a bar yarinya, tana da himma."

"To me ya sa kike buɗe taga?"

"Don kada ki karaya." Ta jawo kwanon, ta ɗauki cokali. "Kuma bari in gaya miki. Wanda hancinsa ya mutu, abinci duk kwali ne a bakinsa. Shekaru ina cin kwali. Wannan abin naku mai yaji shi ne na farko da ya yi mini magana. Gobe ki ƙara."

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai na buɗe baki na zazzage mata duk abin da Baba ya ƙi faɗa. Na ce gidan nan ba nata ba ne, an sayar, kyandir ya mutu a gabana. Na ce ko ta so ko ta ƙi Maris zai zo, wisiye zai zo da mai ɓalle ƙofa, a jera mata gado da tukwane a bakin titi. Na ce ita ta gama rayuwarta, ni kuwa tawa tana bayan kantar nan da ta tare da gado, kuma saura mini sati biyu a ba wani.

Ta ci loma uku kafin ta amsa. Ta ce ma'aikatar magajin gari ta daɗe tana yi mata tayin gado a gidan tsofaffi, can bayan tashar jirgi. Ta ce tunda abin ya kai haka, Litinin za ta tafi. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ciro makulli mai igiyar fata, ta ajiye kusa da kwanon.

"Ɗauki. Mijina ne ya yi igiyar."

Na ɗauka. Zan so in ce hannuna ya yi nauyi, amma ƙarya ne, da gudu na fita. Na shiga rumfar tarho na kira kantin Barbès, ko gaisuwa ban ƙarasa ba. "Baba, makulli yana hannuna. Litinin."

Ya ce, "To. Muna zuwa."

Litinin da hantsi suka iso shi da Inna, Goggo ta rako su. Tsohuwar na zaune a bakin gado, ta sa kwat baƙi da hular fita, akwati a gaban ƙafarta, tana jiran tasi ƙarfe sha ɗaya. Baba ya gaishe ta, ya dubi akwatin, ya dube ni.

"Ina za ta?"

"Gidan tsofaffi. Da kanta ta ce."

"Da kanta." Ya karɓi makullin ya jujjuya shi. "Madalla, kin cika alkawari. To wa zai zauna da ke?"

"Ni kaɗai mana."

Inna ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Baba ya ce, "A gidan wa kika taɓa ganin haka? Uwarki ta faɗa tun ranar farko. Ni da na ga dattijuwa a ƙasa, mai kunne, mai ido a kan ƙofa, na ce Allah ya kawo mana sauƙi. Kina tsammani famfo na gyara don ina son famfo? Atamfa na kai don tana da biki?"

"Ba ka gaya mini ba!"

"Kin bari na gama magana tun da aka yaye ki?" Ya sa makullin a aljihu. "Tunda ba kowa a gidan, ɗan yayana da matarsa su zo. Ke ki haɗa kayanki, jirgi ƙarfe uku."

Na dubi Goggo. Goggo tana nazarin silin kamar an rubuta wani abu a can. Na dubi agogon bango. Saura minti ashirin tasi ya zo.

Na ja Goggo gefe. "Me zan yi?"

"Yadda ake yi a gida. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri."

"Ni? Ga Baturiya?"

"Ga tsohuwa. Gwiwa ba ta san launin fata ba."

Ni da ko a gaban Baba sai dai in ɗan rusuna in wuce, na zo na zube gwiwa biyu a kan simintin nan mai sanyi kamar ƙanƙara. Tsohuwar ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Kin yar da wani abu ne?"

"Madam, ki yi haƙuri. Kada ki tafi."

"Ƙara murya, 'yar ƙarama. Kunnen ma ya fara bin hancin."

Ƙarya take, kunnenta yana jin faɗuwar allura. Na maimaita da ƙarfi, har Inna, wadda ba ta jin Faransanci, ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

"Ai na gama rayuwata. Wata ce ta gaya mini."

"Bakina ne, ba shi da linzami. Kowa ya sani."

"Kuma Maris zai zo."

"Ba wisiyen da zai zo. Baba zai sa hannu." Na juya na fassara masa, ya ce ko yanzu a kawo takarda.

Ta shafa hannun akwatin. A waje na ji mota ta tsaya, aka danna oda. Gwiwoyina sun fara mutuwa.

"A gidan tsofaffi," in ji ta, "an ce ana ba da miyar karas kullum."

"Zan yi miki tuwo."

"Sau nawa?"

"Kowace Juma'a."

"Juma'a da Talata. Da yaji. Kuma ki daina dangwara kwano, ba kare kike ba wa ba."

"Na yarda."

"Gadon nan zai koma ɗakin baya, na san kina son kantarki. Amma kayan mijina ni zan ce wannan a ajiye, wannan a fitar. Ba za ki taɓa ko ƙusa ba sai na nuna."

"Na yarda."

"Taga kuma ki dafa nesa da ita. Ba don ni ba, don maƙwabcin can, yana da ciwon zuciya."

Mai tasi ya sake danna oda. Ta ce wa Goggo ta je ta sallame shi. Baba ya ciro makullin daga aljihu, bai ba ni ba, ya miƙa wa tsohuwar da hannu biyu. Ita ta riƙe shi ta igiyar tana lilo da shi a gaban fuskata har sai da ta ga na kusa kuka, sannan ta sake shi a tafina.

"Tashi. Kai mini akwati ciki."

Na miƙe da kyar, na tattara ƙarfi na sunkuci akwatin nan, sai ya taho sama kamar kwando, har na kusa faɗuwa da baya. Na ajiye shi a kan gado na ɓalle. Ba riga, ba zane, ba ko ɗankwali. Ƙullin ulu ɗaya ne a ciki, da alluran saƙa, da kwanonmu na sadaka a wanke.

Na juya. Goggo ta dawo daga sallamar tasi, ta tsaya bakin ƙofa, da ta ga akwatin a buɗe sai ta koma waje da sauri, ina jin ta tana tari a lungu.

"Madam, dama ba za ki tafi ba?"

"Da zan tafi," in ji ta, tana cire hula, "in da ba ki durƙusa ba. Sai dai goggonki ta gaya mini tun rana ta huɗu cewa babanki ba zai bar ki ke kaɗai ba. Na ce to me zai sa in wahalar da gwiwata da haɗa kaya?"

Kwana huɗu muka yi muna kwashe ɗakin baya. Tana zaune a kujera tana nuni da allurar saƙa, ni ina ɗagawa. Ta bar guduma ɗaya, da ƙafar ƙarfen da ake kifa takalmi a kai, da rigar aikinsa ta fata. A kan wasu takalman yara da ba a zo karɓa ba ta daɗe ba ta ce komai ba, ni ma, karo na farko a rayuwata, na jira.

Kayan Holan suka iso ranar da aka ce. Na jera shadda daidai inda gadon yake a da. Ita kuma ta kafa kujerarta a bakin ƙofa, duk namijin da ya shigo ya wuce minti biyar bai sayi komai ba sai ta fara tari, kuma duk sati in Baba ya kira sai ya ce a ba shi ita su gaisa, shi da Hausa, ita da Faransanci, ba mai jin wani.

Talatar farko na kai mata tuwo, na ajiye kwanon a hankali da hannu biyu. Ta ɗanɗana, ta ɗaga kai.

"Na lokacin da kike son kashe ni ya fi daɗi. Ƙaro yaji."